Sun Raba Littattafan Yayana Gida Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Isyaku makwancinsa. A jami'a Farfesa suke ce masa, a gida kuwa Yaya ne, kuma Yaya zan ci gaba da kiransa a nan, don ni ba ɗalibarsa ba ce. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta sha rankwashinsa tun muna yara a Zariya. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa a jarida ba, addu'a ta ishe ni, ta ishe shi. Bana ne aka taɓa ni inda yake mini ciwo, na ce to, ko ihu bayan hari ne sai na yi shi, jama'a su ji abin da manyan Abuja suka yi da littattafan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin irinsu.

Bari in fara da faɗin abin da ya karanta, don ko a cikin dangi ba kowa ya gane ba. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah, in an tambaye ta aikin Isyaku, cewa take, "Labarin matattun sarakunan Nasara yake bi." Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Fanninsa shi ne zamanin nan da ke tsakanin lokacin da sarakunan Rum suka rungumi Kiristanci da lokacin da Musulunci ya bayyana ya kafu, zamanin da Rum da Farisa da Habasha ke juya duniyar da aka sani. Yaƙe-yaƙensu ba su dame shi ba. Tambayarsa ɗaya ce tal: in mai mulki da mai addini suka haɗu a ɗaki guda, wa ke tashi wa wa? A kan wannan tambaya ya koyi Girkanci, ya koyi Suryaniyanci, harshen da Kiristocin Sham da Iraƙi na dā suke rubutu da shi, ya ɗan taɓa tsohon harshen Habasha, ya ƙara da Jamusanci da Faransanci don ya ga abin da masanan can suka ce. Larabci kuwa da shi ya tashi. Na sha yi masa tsiya cewa da ya zuba rabin wannan wahala a harkar kwangila, da yanzu a Maitama nake kai masa ziyara. Sai ya ce, "Ke dai zuba mini shayi."

Ranar Asabar yakan zo gidana a Mararaba, bayan ya sha cunkoson hanyar Nyanya ya ƙoshi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shiga ba ni labarin mutanen da suka mutu tun ba a san za a yi mu ba. Ya ba ni labarin sarkin Rum da ya tara manyan limaman coci su daidaita saɓaninsu na aƙida, ya ba su dawakin gwamnati suka hau, ya ba su masauki, ya ciyar da su a fadarsa. Na ce, "Yaya, ai wannan kujerar Makka ce da kujerar Kudus." Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce ba cinya ba, ƙafar baya. Wata rana kuma ya nuna mini hoton tsabar kuɗin Farisa, fuska ɗaya kan sarki, ɗaya fuskar murhun wutar da suke bauta wa da masu tsaronta. Ya ce in duba da kyau, ba a kashe rabin tsaba a kasuwa, duk wanda ya karɓi fuska ɗaya ya karɓi ɗayar.

Labarin da na fi so shi ne na wani bishop da ya juya wa sarki baya, bayan sojojin sarkin sun yi wa mutanen wani gari kisan gilla, ya ce ba shi ba ibada tare da jama'a sai ya tuba kowa na gani. Ranar da ya fara ba ni wannan labari har guɗa na yi. Sai ya ɗaga mini hannu, ya ce kada in yi saurin guɗa, in tambayi ɗan gidan wane ne bishop ɗin tukuna. Ashe kafin ya sa rigar coci shi kansa gwamna ne, ɗan manya, ya san fada ciki da bai. Ba talaka ne ya tsaya wa sarki ba, gaba ce da gabanta. Haka Yaya yake, ba ya barin mutum ya ji daɗin labari da arha. Kuma bai taɓa yarda a ce duk malamin da ya shiga fada ya sayar da kansa ba. Ya ce wasu sun shiga sun ceto fursunoni, wasu sun sa an sassauta wa gari haraji. Abin da yake so ɗalibi ya bincika shi ne, da malamin ya fito, ya fito da bakinsa ko kuwa ya baro shi a ciki. Mutum ne mai salla a kan lokaci, ba ya raina addinin kowa. Abin da ya raina shi ne malamin da in mai mulki ya yi tari zai ce amin.

Shi ya sa abin da ya faru ranar jana'izarsa bai taɓa fita daga raina ba. Yana da wani tsohon ɗalibi, Dakta Tanimu, yaro mai kai, wanda Yaya ya taɓa ce mini shi zai gaje shi. Tanimu ya bar koyarwa tun Yaya na da rai, ya zama mai bai wa wani babban mutum shawara kan harkokin addini. Ba zan faɗi sunan babban mutumin ba. Oga kowa ke ce masa, ni ma Oga zan ce. Aikin Tanimu a gidan Oga shi ne ya san wane malami za a kira sauka, wane fasto za a kira addu'ar godiya, da irin ambulan ɗin da ya dace da girman rawanin kowa. To, an yi wa Yaya wanka, an suturta shi, an fito da makara, an daidaita sahu. Mu mata muna daga ciki muna jiran mu ji kabbara. Shiru. Can sai labari ya shigo wai Tanimu ya raɗa wa liman cewa Oga na hanya, a ɗan dakata. Aka kuwa dakata. Gawa a ƙasa rana na dukanta, tsofaffi suna ta canja ƙafa, har sai da jiniya ta iso, aka buɗe sahun gaba aka cusa mutumin da bai taɓa ko gaisawa da mamacin ba. Wanda ya rayu yana tambayar wa ke jiran wa, shi aka sa ya yi jira, a ranar da ba shi da bakin cewa a'a. Limamin nan har yau in na gan shi a talabijin yana wa'azin a gaggauta binne mamaci, tashi nake in kashe.

Bayan an share makoki jami'a ta buƙaci gidanta. Matar Yaya ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa mata suna gidajen mazajensu can nesa, ɗansa namiji guda, Nasiru, lokacin yana haya ciki da falo a Kubwa. Babu mai wurin ajiye littattafan sai ni. Na kwashe ɗakin baƙina, na kira kafinta ya buga kantoci har rufi. Wadda ta jera su kuwa ita ce Rahila, ɗalibarsa ta ƙarshe, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, wadda ta koyi Suryaniyanci a gabansa harafi bayan harafi. Ita ta fahimtar da ni cewa Yaya ba ya jera littafi bisa harshe, ba ya jera shi bisa addini. Gari da zamani yake bi. Duk abin da ya shafi birni guda a ƙarni guda, kafaɗa da kafaɗa yake ajiye shi: wa'azin bishop ɗin garin, dokar sarkin da ke mulki, tarihin Balaraben da ya zo daga baya, da sharhin Bajamushen da ya zo bayan kowa. Yakan ce mutanen nan kasuwa ɗaya suka ci, haraji ɗaya suka biya, in ka raba littattafansu ka yi musu ƙarya. Jerin nan shi ne rabin iliminsa, wanda bai samu ya rubuta ba.

Tun daga nan Asabar ɗin Yaya ta zama ta Rahila. Tana koyarwa a wata sakandare a Nyanya, ta yi aure, ta haihu, ga hidimar gida, amma ba ta saki karatun ba. Tana rubuta kundin digirinta na uku a hankali, tafiyar hawainiya, a kan Kiristocin da suka zauna ƙarƙashin sarkin Farisa, da yadda shugaban cocinsu ba ya zama daram sai da yardar sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Ta ce ba ta san wani wuri nan kusa da za ta samu waɗannan littattafai ba. Takan shigo da sallama, ta ajiye mini doya ko acca, ta shige ɗaki, sai la'asar ta fito tana murza ido tana cewa, "Mama, wannan littafi ta fi ƙarfina yau." In ce mata littafi namiji ne, ta ce wannan dai da taurin kanta mace ce. Wani lokaci ta zo da wasu ɗalibai, har da wani matashin alaramma da ke son sanin abin da Kiristocin Sham suka rubuta ranar da suka fara ganin Musulmi. Ni nawa dafa abinci ne da kakkaɓe ƙura da yaƙi da gara. Ban san harafi ɗaya a cikin waɗancan littattafai ba, amma in na ji ana gardama a ɗakin nan, ji nake kamar Yaya ya ɗan fita alwala ne.

Bana Oga ya ga shekaru sun ja, ya fara neman abin da za a tuna shi da shi ban da abin da kowa ya riga ya sani. Sai ya gina wata cibiya a Maitama, wai ta fahimtar juna tsakanin addinai. Gini na gani na faɗa, marmara a ƙasa, gilashi a sama, masallaci a hannun dama, coci a hannun hagu, a tsakiya zauren taro da hotonsa wanda ya fi ƙofar shiga tsawo. An yi kantoci masu murfin gilashi a cikin masallacin, an yi irinsu a cikin cocin, sai dai babu abin ɗorawa. Nan Tanimu ya tuna yana da malami.

Ya zo gidana da direba da katan ɗin lemo, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Hajiya, lokaci ya yi da za a karrama Malam." Na ce, "Wane malamin? Wanda kuka shanya a rana?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na ce masa littafin Yaya ba ya barin ɗakin nan, ya ɗauki lemonsa ya ƙara gaba. Na manta cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nasiru yana aiki a wata ma'aikata inda tarin Oga ma umarni ne, kuma a gado ƙanwa ba ta da komai inda akwai ɗa namiji. Ba ni da ko shafi ɗaya a cikin littattafan nan, ajiya aka ba ni. Shari'a ce ta faɗa, ban ja da ita ba.

Nasiru ya zo da kansa, ya zauna a kujerar da ubansa ke zama. Ya ce, "Gwaggo, a nan gara za ta cinye su. Can akwai na'urar sanyaya ɗaki." Na ce a nan ana karanta su. Ya ce, "Mutum nawa, Gwaggo?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na dube shi, hancin ubansa, goshin ubansa, har yadda yake riƙe kofi, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ba mugun yaro ba ne, matsoraci ne, kuma a garin nan an fi samun ɓarna daga matsorata. Da na ga ba makawa, na roƙi abu biyu: a bar jerin yadda yake, Rahila ta je ta jera da hannunta, kuma a bar ta ta ci gaba da karatu. Da Tanimu ya dawo na maimaita masa, ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Hajiya, kamar a hannun Malam suke." Mota ta zo, ƙarti suka loda, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo har ta sha kwana.

Wanda bai zauna Abuja ba, ba zai gane ciwon raba-daidai ba. In an buɗe taro da addu'ar liman, sai an rufe da ta fasto. In shugaban kwamiti Musulmi ne, sakatare Kirista ne. In an raba shinkafar azumi, a shirya ta Kirsimeti. Ni ban ƙi wannan ba, ƙasa ce mai wuyar sha'ani, kuma mun ga abin da son kai ya jawo mana. Amma akwai wasu a garin nan da suka mayar da shi sana'a, ba su iya komai ba sai shi, ko ruwa ka ba su a kofi sai sun nemi su tsaga shi biyu. Irin waɗannan aka tara aka yi kwamitin jera littattafan Yaya, rabi Musulmi rabi Kirista, cif. Rahila ta je ta gabatar da kanta, aka ba ta haƙuri. Wai in aka sa ta, Kiristoci za su fi yawa da mutum ɗaya.

Suka buɗe kwalaye, suka tarar babu mai iya karanta ko bangon rabin abin da ke ciki. Mutumin kirki a nan zai ce a kira wanda ya sani. Su kuwa sai suka zauna, aka kawo shayi da nama, suka yanke hukuncin da har gobe suna alfahari da shi: duk littafin da ake buɗewa daga dama na Musulmi ne, a kai masallaci, duk wanda ake buɗewa daga hagu na Kirista ne, a kai coci. Shi ke nan, an gama ilimi! Suryaniyanci daga dama ake rubuta shi, kuma ga wanda bai sani ba yana ɗan kama da tsohon rubutun allo. Saboda haka wa'azozin bishop-bishop, da waƙoƙin yabon coci, da tarihin waɗanda aka kashe saboda gicciye, duk aka kwasa da alwala aka jera a masallaci. Abin da Turawa suka rubuta a kan halifofin farko da fassarar tarihin Musulunci kuwa, aka kai coci aka jera kusa da mumbarin fasto. Sannan suka lura na hagu sun ninka na dama, abin da ba zai yiwu ba a gidan adalci. Sai suka ɗauko tef irin na tela, suka auna kantocin masallaci, suka auna wa coci daidai da haka. Ragowar, wanda shi ne mafi yawa, aka mayar cikin kwalaye aka tura ɗakin janareta.

Na je bikin buɗewa, don ba na so a ba ni labari. Aka zaunar da ni a layi na biyu da takarda manne a kujera, an rubuta iyalan Farfesa. Limamin cibiyar a daman Oga, fastonta a hagunsa. Da Oga ya shigo suka miƙe tare, da ya zauna suka zauna tare, da ya ɗan yunƙura zai gyara babbar riga sai da suka yi rabin tashi. Wani mai jawabi, da digirorinsa sun fi sunansa tsawo, ya tashi ya shaida wa jama'a cewa binciken marigayi ya tabbatar tun zamanin dā malamai da masu mulki tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, don haka biyayya ita ce zaman lafiya. Aka tafa. Nasiru ma ya tafa. Na yi tsakin da sai da matar da ke kusa da ni ta ja jakarta. Daga nan aka zagaya ɗaukar hoto. Liman ya tsaya gaban kantarsa ya dafa wasu manyan littattafai masu ruwan zinare a gefe, yana murmushin wanda ya gaji kakanni, fasto ma ya yi haka a nasa ɓangaren. Su biyun ba su ba ni haushi sosai ba, rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami. Wanda ya sani shi na nema.

Na tare Tanimu a bakin matakala. Na ce, "Kai ma ba ka san abin da ke cikin masallacin nan ba?" Bai ko yi ƙoƙarin yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Na sani, Hajiya. Tun ranar farko na gani. Amma Oga ya riga ya zagaya ya ce sun yi daidai. In na kwashe waɗancan, ɓangaren masallaci zai rame, liman ya ce an yi son kai." Ya waiga ya ga babu mai jinmu, ya ƙara da cewa, "Kuma ai babu wanda zai buɗe." Wannan yaron ne Yaya ya zaunar a tabarmarsa, ya ba shi abinci a kwanonsa, ya koya masa haruffan nan da yake tsallakewa yau kamar bai taɓa ganinsu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani, amma ban taɓa ganin wanzamin da ke yi da fara'a irin Tanimu ba. Jahili ka tausaya masa. Wanda ya sani ya sa iliminsa a aljihu don kada ya ɓata wa Oga hoto, wannan ba ni da abin ba shi sai tir.

Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai yi zafi irin nawa ba, shi ba mai hayaniya ba ne. Kujera zai ja ya zauna a baya, ya ɗora hula a gwiwa, yana kallon wa ya tashi wa wa, ƙila ma ya ji daɗin cewa abin da ya sha wahalar tonowa a tsofaffin harsuna ga shi ana yi masa kyauta da Hausa da Turanci. Amma akwai inda na tabbata zai girgiza kai. Sarakunan da ya yi nazari, duk zaluncinsu, sun ɗauki littafi da muhimmanci. Sun kori bishop daga gari saboda kalma, sun ƙona rubutu saboda suna tsoron abin da ke cikinsa, wanda ke nuna wani ya karanta musu, sun kuma ji zafinsa. Namu ba sa tsoron littafi, don ba su taɓa zaton akwai wani abu a ciki ba. Ba su ƙona ba, ba su hana ba. Aunawa suka yi da tef, suka rufe da gilashi, suka kira mai hoto. Malaman zamanin can kuma, ko waɗanda suka sayar da kansu, sun yi ciniki, sun karɓo wa garinsu wani abu. Na yanzu da kujera a kusa da Oga kawai an gama da su.

Bayan biki Rahila ta shirya ta hau mota tun daga Nyanya ta je Maitama. Babin da take kai yana buƙatar littafi guda, tarihin tarurrukan cocin Farisa, na Suryaniyanci. Ta san shi, ta sha riƙe shi a ɗakina. Mai gadi ya tambayi sunanta, ya dubi kanta babu mayafi, ya nuna mata hagu ya ce, "Madam, naku na can." Ta ce wanda take nema yana dama. Ya ce dama masallaci ne. Ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Ta nemi Tanimu, ya ce ta rubuto wa kwamiti, kwamiti kuma ba ya zama sai Oga na ƙasar. Ta roƙi a fito mata da littafin ta karanta a zaure, aka ce ba a taɓa jeri, kanta za ta yi giɓi. Ta zo gidana ta zauna a ɗakin da babu komai sai kantocin kafinta. Tun da na san yarinyar nan ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

To me ya rage na Yaya bayan shekara goma sha ɗaya? Sunansa na nan a allon tagulla, ana goge shi kullum. An ce duk shekara za a yi lacca da sunansa, a ce ya faɗi abin da bai faɗa ba. Nasiru ya samu canjin ofis, Allah ya sanya albarka, ba na yi masa baki. Jerin da ya kwashe rayuwarsa yana yi ya wargaje, mafi yawan littattafansa suna shan hayaƙin janareta. Duk wannan ba Yaya ba ne. In akwai abin da ya rage nasa, yana cikin kan wata malamar sakandare da ba a bari ta wuce ƙofar masallacin.

Ni ana bari, saboda ni iyalan Farfesa ce, kuma ina da mayafi. Tanimu ya ba da umarni a riƙa buɗe mini gilashin, ina jin yana ganin ya biya ni ke nan. Don haka duk Talata, in Rahila ta tashi daga makaranta, mukan haɗu mu tafi tare. Ta kwatanta mini littafin, mai baƙin bango da ya ɗan yage a ƙasa, in hau matakala in shiga masallaci tsakanin azahar da la'asar, in zauna a kan kafet in buɗe shi a cinyata, in riƙa ɗaukar hoton shafi bayan shafi da waya ina tura mata. Ita tana waje ƙarƙashin bishiya tare da direbobi. Wani hoton ya yi dishi-dishi, ta bugo ta ce, "Mama, sake wannan," ko ta ce, "Mama, kin kifa shi." Ni da ban san harafi ɗaya ba ina ciki da littafin a hannu, ita da ta iya karantawa tana tsaye a rana. Talatar da ta wuce liman ya shigo ya same ni a haka, na duƙufa kan tarihin bishop-bishop na Farisa. Ya tsaya ya dube ni cike da sha'awa, ya ce, "Masha Allah, Hajiya, a sa mu a addu'a." Na ce to.

Allah ya jiƙan Yaya Isyaku, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya ara mini ido da gwiwar da zan kai yarinyar nan ƙarshen kundinta, don idon ya fara hazo, gwiwar ba ta son matakalar nan, kuma ba mu ko ci rabin kanta ɗaya ba. Ranar da na kasa hawa, babu sauran mai buɗe gilashin.